Daga Titi Gidan Ya Yi Kyau

A cikin birnin Kano, a wani lungu tsakanin kasuwar Kurmi da gindin Dala, akwai wani tsohon gidan gado da aka yi wa gyara kwanan baya. Wanda ya gina shi falke ne da ya koma sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da ya samu abin da ya samu, sai ya kira magina. Ban da azara, ba a sayo komai daga nesa ba. A bayan filin aka haƙi ƙasa, aka cuɗa ta da ruwa da ciyawa, aka bar ta ta kwana biyu ta yi laushi, sannan aka mulmula tubali aka shanya a rana. Ramin da aka bari shi ya zama kududdufin unguwa, duk ruwan da ya sauko daga indararon gidan can yake gangarawa. Bangon ya fi kamu biyu kauri a gindi, yana hawa yana sirancewa, don kada kai ya fi ƙarfin ƙafa. Rufi kuwa azarar giginya ce, wadda gara ba ta iya ci. Aka jera ta, aka zuba ƙasa a kai, aka shafe da laso, wato katsi daga marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara. Bangon waje aka yi masa makuba ta ɓawon ɗorawa.

Abin alfaharin gidan zaurensa ne. Ɗaurin guga aka yi masa, bakan gizo suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiya, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi suna da shi, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830. Maginin wannan zaure bai kai Babban Gwani ba, amma ya san hannunsa. Da tsakar rana a watan Afrilu, kana sa ƙafa ciki za ka ji sanyi ya sauko maka. Nan malam yake karantar da yaran gida da na maƙwabta, nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki, nan baƙon da dare ya yi masa yake kwana, ba a tambayarsa garinsu sai da safe. Daga zaure sai shigifa, sai tsakar gida mai faɗi da rijiya a tsakiya, da rumbu biyu, da bishiyar lemun tsami, da turken awaki can ƙurya, da ɗakuna a jere har bangon baya.

Falken ya bar mata biyu da 'ya'ya da yawa, ya bar shago biyu a Kurmi da gona a hanyar Bichi. Da aka zauna rabon gado, aka ga in aka sayar da gidan aka raba, namiji kashi biyu mace ɗaya, babu wanda abin da zai samu zai saya masa ko kango. Sai aka bar shi dunƙule. Aka yarda kuɗin hayar shaguna da amfanin gona su riƙa shiga wani akwatin ƙarfe, makullinsa a hannun mai riƙon gida, riƙon kuma ya riƙa zagayawa tsakanin 'yan ɗakin uwargida da 'yan ɗakin amarya, bayan shekara huɗu a yi taro a zaɓa. Daga akwatin ake cika rumbu, ake ba malamin zaure ɗan abin sabulu, ake sayen likkafani, ake kuma yin yaɓe.

Yaɓen nan shi ne ran gidan ƙasa. Da damina ta ɗauke, kafin sanyi ya kankama, sai magini ya zo ya zagaya bango yana ƙwanƙwasawa, ya nuna inda ruwa ya zaizaye, inda indararo ya goce, inda ya kamata a ƙara wa gindin bango ƙasa. Samari su cuɗa, yara su ɗebo ruwa, mata su dafa abincin masu aiki. Aiki ne maras ban sha'awa, in an gama ba a ganin wani sabon abu, gidan dai yana nan yadda yake. Shi ya sa ba a taɓa yi wa yaɓe walima ba.

An sha yi wa gidan gyare-gyare kafin wannan na yanzu. Zamanin kuɗin Udoji, a 1975, mai riƙo na lokacin ya rufa wa ɗakunan gaba kwano, ya sa wa zaure ƙofar ƙarfe. Akwai ma shekarun da wani ɗan gidan da ya dawo daga aikin soja ya karɓi makullin akwati ba tare da an yi taro ba, ya ce ɓarna ta yi yawa, gyara zai yi ya mayar. Ya daɗe bai mayar ba, da ya tashi mayarwa kuma akwatin ya fi da sauƙin ɗauka. Duk da haka, da aka yi ruwan nan na watan Agustan 1988, wanda ya karya dam ɗin Bagauda ya rusa gidaje masu yawa a Kano, wannan gida ko zanko ɗaya bai rasa ba. Har lokacin ana yaɓe, ko da ba kowace shekara ba, kududdufi kuma yana nan yana shanye ruwa.

Gaskiya gidan yana bukatar gyara, wannan babu mai musu. Zuriya ta yaɗu, ɗakin mutum biyu ya koma na mutum shida, samari suna kwana a shigifa, banɗaki ɗaya ya yi kaɗan. Azarar wasu ɗakunan baya ta soma lanƙwasa. Don haka da wani Alhaji daga 'yan ɗakin uwargida ya nuna yana son riƙon gida, ya zo da hoton wani gida na Abuja a wayarsa, jama'a suka taru suna leƙe. Ya ce kowane ɗaki zai samu famfo, kowane saurayi zai samu ɗakinsa, yoyo kuwa sai dai jikoki su ji labarinsa. Ana saura kwana biyu taro, aka shigo da atamfa turmi-turmi, da taliya da sabulu, aka bi ɗaki-ɗaki. Ranar taro bai sha wahala ba.

Ran da aka ba shi makulli ya buɗe akwati gaban jama'a, ya kife shi, babu abin da ya faɗo sai takardun bashi. Ya ce kowa ya gani da idonsa abin da ya gada. A nan take, kafin mutane su tashi, ya ce an rufe rumbu. Hatsin da ake aunawa kowane ɗaki in bazara ta yi tsanani, daga yau babu, domin wasu ne suke kwashewa da dare su kai kasuwa. Wannan ma gaskiya ne, kowa ya san ana kwasa, kowa kuma ya san masu kwasar, biyu daga cikinsu suna zaune a gefen Alhaji lokacin da yake magana. Ba a kama kowa ba. Aka dai rufe rumbun, aka ce kuɗin hatsi zai koma aikin gyara, a yi haƙuri, wahalar ta ɗan lokaci ce.

Akwai wani tsohon magini a unguwar, jikan wanda ya yi zauren. Gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan mai gidan na cikinsa, tana zaune a ɗakin ƙarshe na jikin bangon baya, ita ta aika aka kira shi. Ya zagaya gidan da sandarsa tun hantsi har azahar, ya durƙusa ya tona gindin bango da yatsa, ya hau soro ya duba indararo, sannan ya samu Alhaji a ƙofar gida.

Ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Gidan nan bai mutu ba. In za a bi ta tawa, daga baya za a fara. A canza azarar ɗakin Gwaggo da biyun da ke kusa da shi, a ɗaure gindin bangon baya da dutse, a yashe hanyar ruwa har kududdufi. In kuɗi ya ragu a tayar da sababbin ɗakuna a filin turke."

Alhaji ya ce, "Baba, ai bango siminti za mu yaɓa masa gaba ɗaya, a huta da yaɓen shekara-shekara."

Tsohon ya girgiza kai. "Siminti ba ya kama ƙasa, Alhaji. Ginin ƙasa danshi yake sha ya fitar. In ka rufe shi da siminti, laima ta hau daga gindi ta rasa mafita, sai ta zauna ciki tana ci. Kamar ka ɗaure gyambo da leda ne, daga waje tsaf. Ranar da zai nuna maka, ba ɓangare zai zubo ba, duka zai taho."

Alhaji ya sa hannu aljihu ya ba shi na goro, ya yi masa godiya ƙwarai. Ba a sake kiransa ba.

Kuɗin rumbu bai isa ba, don haka aka ci bashi. Wani attajiri mai shagon kayan gini a can tsallaken titi ya yarda ya bayar, bisa sharaɗi uku: a wurinsa za a sayi siminti da rodi da tayil, injiniyansa ne zai zana aikin ya kuma kula da shi, sannan takardun shagunan Kurmi su kwana a hannunsa. Alhaji ya dawo gida da murna, ya ce wannan shaida ce manya sun yarda da gidan, ba kowane gida ake ba bashi ba. Yara suka yi tafi.

Daga ƙofa aka fara. Injiniya ya ce mota ba za ta shiga ta zaure ba, saboda haka zaure zai tafi. Leburori suka hau da diga da guduma, suka ɗauka aikin wuni ɗaya ne, suka kwashe fiye da mako. Diga ta sari lason ta dawo. Da suka kai ga bakan gizo, sai ga azara a ɗaure da igiya, jere a kan jere, fes da ita ba ko huda ɗaya. Wani mai gidan burodi ya saye ta a matsayin itace. Malam ya kwashe allunan yara ya koma gindin wata katanga a bakin hanya, ya yi 'yan watanni yana fama da rana da ƙurar babura, da ɗan abin sabulun ya daina zuwa sai ya koma garinsu. Yaran suna nan. Yanzu a bakin danja ake ganinsu, wasu da roba a hannu, wasu suna goge gilashin motoci.

A gurbin zaure aka yi get mai zamewa a kan taya, baƙi da ruwan zinari, da fitilu a kan ginshiƙai. Bangon gaba aka rushe aka tayar da na bulo, aka manna masa tayil mai sheƙi. Sannan aka zuba kankare a kan ɗakunan gaba aka tayar da bene mai falo biyu, inda mai riƙon gida zai zauna ya karɓi baƙi, don a cewar Alhaji mutuncin gida duka a nan yake, in mai riƙo ya ji kunya gida ne ya ji. Wannan ɓangare an yi shi da kyau, ba na rage masa komai. Rodin mai kauri ne, an auna yashi, an jiƙa kankaren safe da yamma har ya kama.

Aka rufe rijiya da murfin kankare saboda tsafta, aka haƙa burtsatse, aka ɗora tanki a saman bene. Bututun da zai kai ruwa ɗakunan baya yana cikin kashi na biyu na aikin. Kafin nan an sa famfo ɗaya a gindin matakala, jarka kuma da kuɗinta, saboda janareta ba da addu'a yake tashi ba. Matan da suka girma suna jefa guga su ja ruwa kyauta suka koma bin layi da canji a ƙulle a bakin zane. Aka sare lemun tsami, don saiwarsa za ta ɗaga intalok. Gwaggo ta fito ta tsaya tana kallo har aka gama, ta sa jikarta ta tsince 'ya'yan da suka zube, ta koma ɗaki.

Intalok ɗin ya tsaya daidai inda idon mai leƙowa daga get yake tsayawa. Da aka zuba cikon ƙasa aka jera shi, rabin tsakar gida na gaba ya fi na baya tudu da kusan taki ɗaya. Ɓaraguzan zaure da na bangon gaba kuwa kududdufi aka kai su, tifa bayan tifa, har ya cike. Da ya cike sai ya zama fili, da ya zama fili sai ya samu mai saye. An ce wani baƙo ne. Baƙon yana kama da ƙanin matar Alhaji sosai, har muryar. Ya kewaye wurin da bulo, katangarsa ta toshe bakin kwatar gidan.

Bangon baya da ɗakunan da ke jikinsa aka yi musu abin da aka yi alkawari, aka watsa musu siminti aka shafa fenti ruwan madara. Ba a taɓa azara ba. Kwana biyu na farko mutanen baya sun ji daɗi, har suna kiran ƙawaye su zo su gani.

Ana cikin haka siminti ya yi tashin da kowa ya sani, a farkon 2024 buhu ya haura naira dubu goma. Sai aka sa kuɗin gyara a kan kowane ɗaki duk wata. Da bai isa ba aka sa a kan sana'a: mai ƙosai, mai ƙuli-ƙuli, mai ɗinkin hula, mai kitso, kowace da abin da za ta bayar ran Juma'a. Wani yaro ne yake bi da littafi da biro, yana da ladabi, yakan gaida kowa kafin ya miƙa hannu. Mai ƙosai ta lissafa ta ga bayan kuɗin wake da mai da itace da jarkar ruwa da na littafi, abin da yake rage mata bai kai wahalar tashin asuba ba, ta kife kaskonta.

Wani matashi malamin firamare, ɗan ƙanin Alhaji, shi ya yi ƙarfin halin tashi a wani zama. Ya ce, "Baffa, ba raini ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna so a karanta mana nawa aka ranto, nawa aka kashe, nawa aka sayar da filin kududdufi." Alhaji bai ce komai ba, ba ya bukata. 'Yan ɗakinsu ne suka taso wa yaron. Suka ja shi gefe suka ce ba shi da hankali ne, zai tona wa nasu asiri gaban 'yan uba? In ma ci ake yi, ai yanzu lokacin ɗakinsu ne, su waɗancan da suka riƙe wa ya tambaye su? Su ma masu wannan magana a baya suke kwana, su ma suna sayen jarka. 'Yan ɗakin amarya kuwa suka yi ta zuga yaron daga nesa, ba don lissafin ya dame su ba, sai don suna ƙirga shekarun da suka rage makulli ya dawo hannunsu. Bayan mako guda aka ce ɗakin da malamin yake ciki za a mayar da shi wurin ajiye siminti. Akwai kuma wasu samari uku da ake saya wa kati, aikinsu su ɗauki hoton get da daddare in an kunna fitilu su sa a Facebook, duk wanda ya yi maganar yoyo su ce masa maƙiyin ci gaban gida.

Wajen turke akwai inda leburori suka fasa katanga don shigo da yashi, suka tafi ba su toshe ba. Ta nan aka fara ɗaukar kaji, sannan awaki, sannan keken ɗinkin wata bazawara. Daga baya ɓarayin suka daina wahalar da kansu zuwa kasuwa, sai su ɗauki akuya su aiko a kawo kaza a karɓe ta. Gidan yana da masu gadi har biyu, da kaki da kulki, amma a get suke, domin nan motoci suke. Da aka kai kuka, Alhaji ya ce an riga an karya lagon ɓarayin, waɗannan 'yan ragowa ne, kuma yawan maganar sata yana ɓata wa gida suna a idon mai ba da bashi. Shi kansa bai cika kwana a benen ba. Yana da wani gida a Nasarawa inda iyalinsa suke, in kansa ya yi ciwo kuma Masar yake zuwa. Samarin da aka yi wa alkawarin ɗaki suka gaji da jira. Biyu suna Legas suna acaba, ɗaya ya bi ta Agadas, tun da ya kira daga Sabha ba a sake jin muryarsa ba.

An yi walimar buɗe gida, an yanka sa. Manyan unguwa sun zo, mai ba da bashi ya yanke ƙyalle, maroƙa sun yi aikinsu. A daidai ƙarshen intalok aka kafa wani dogon allon katako aka lulluɓe shi da yadi mai kyau, don kada hayaƙin girki ya dami baƙi. Mutanen baya ta bayan allon aka miƙa musu nasu naman. Wani baƙo da zai tafi ya riƙe hannun Alhaji ya ce unguwar nan kaf babu gida irin wannan, kuma daga inda yake tsaye gaskiya ya faɗa.

Daminar farko ruwa ya taru a tsakar gidan baya ya kai idon sawu, ya kwana uku kafin ya tsotse. Ta biyu ya kai ƙwauri. Indararon bene na roba ne, manya, duka an juya bakinsu baya don kada su ɓata tayil ɗin gaba. Wani layi fari-fari ya fito a jikin fenti, kamu ɗaya daga ƙasa, ya zagaye ɗakunan. In ka ƙwanƙwasa bangon ɗakin Gwaggo da bayan yatsa sai ka ji ƙararsa fanko, simintin ya rabu da ƙasar yana tsaye shi kaɗai. A wata tsaga kusa da ƙofa, in ta zura tsinken tsintsiya, jiƙaƙƙiyar ƙasa ce take biyo shi, baƙa, mai warin rami. Ta sa aka kira mata Alhaji wata Juma'a da ya shigo.

Ta ce, "Ɗan nan, zo ka sa hannunka a nan."

Ya tsaya daga bakin ƙofa saboda ruwa, ya ce, "Gwaggo, ki ƙara haƙuri. Injiniya ya ce ginin zama yake yi, duk sabon aiki haka yake. Kashi na biyu naku ne."

Ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni a ɗakin nan aka haife ni."

Ya ce in sha Allahu, ya ajiye mata dubu biyu a kan tabarma ta hannun yaro.

A daren wata Laraba cikin Agusta aka soma ruwa bayan isha'i, bai tsaya ba. Wajen ƙarfe uku bangon baya ya taho, shi da ɗaki uku. Gwaggo tana zaune a kan kujera a bakin ƙofa, don ta daina kwanciya in ana ruwa, sai ƙafarta ce ta karye. Jikarta mai shekara tara, wadda take kwana a ƙuryar ɗakin, ba a kai gare ta ba sai da gari ya waye. Maƙwabta ne suka tone da hannu da faranti. Sun so shigowa ta gaba, masu gadi suka ce ba a ba su izinin buɗe get da dare ba, sai suka zagaya ta ɓarakar da ɓarayi suke bi. Da aka zo zaman makoki babu zaure, aka shimfiɗa tabarmi a lungu, masu babura suna ratsawa suna ba da haƙuri.

Alhaji yana Umara. Ya aiko da saƙon murya mai ratsa jiki, ya ce ya yi wa yarinyar ɗawafi. Da ya dawo ya kawo buhun shinkafa da tabarmi shida da bargo, samarin Facebook ɗin nan uku suka ɗauki hoto yana miƙa wa Gwaggo bargon. Ya kafa kwamitin mutum biyar ya binciki musabbabin abin, injiniya ne shugaba. Kwamiti ya zauna a falon bene, ya gano abu biyu: ruwan bana ya wuce misali, kuma mutanen baya suna zuba shara a kwata. Duka biyun haka ne. Ya ba da shawarar a sa tarar zuba shara, a kuma rushe sauran ɗakunan ƙasa tun da an ga ginin ƙasa ba shi da aminci.

Taron zaɓen mai riƙo saura wata biyar. 'Yan ɗakin amarya sun tsayar da nasu, wanda shi ne ma'ajin Alhaji har zuwa bara da suka ɓata a kan kuɗin tayil. Yana bi ɗaki-ɗaki yana cewa an cuci gidan nan, shi ya san inda kowane kwabo ya shiga, in aka ba shi makulli abin da zai fara yi shi ne ya cire wannan get ya sa wanda ya dace da darajar kakansu. Alhaji kuma ya ce ba a canza magini aiki bai ƙare ba, a ba shi huɗu ya yi kashi na biyu. Mutanen baya, waɗanda yanzu suke kwana a ƙarƙashin tamfol a gefen intalok, sun rabu biyu a kan maganar, har an daina gaisawa tsakanin wasu. An ga dillalin atamfa ya shiga gidan sau biyu, sau ɗaya ta gaba, sau ɗaya ta baya.

Shagunan Kurmi sun riga sun koma hannun mai ba da bashi, tun da wa'adi ya cika. Amma mutumin kirki ne, bai juya wa gidan baya ba. Makon jiya ya turo injiniya da tef ya auna inda ɗakuna ukun suka faɗi, ya ce wurin zai ɗauki shago biyar masu fuskantar lungu, zai kuma ba da sabon bashi a gina su in aka kawo masa takardar gonar hanyar Bichi. 'Yan takarar biyu duka sun ce shawara ce mai kyau. Yaron littafi ya fara zagayawa karɓar kuɗin awon, ya je har asibiti wurin Gwaggo, ya gaishe ta da jiki, ya ce nata kason an yi mata ragi.